Lefena a Akwatin Kare

Masu bina a wannan shafi, sallama gare ku. Yau ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba, domin in ban fitar da maganar nan ba shaƙe ni za ta yi. Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Rauda, 'yar Alhaji Ɗan'iya mai hatsi a kasuwar Tambuwal. Wanda aka sa mana rana da shi sunansa Abdulganiyyu, ɗan Kebbe ne, amma karatu ya kai shi Jamus, ya gama ya samu aiki a tashar jiragen ruwa ya yi zamansa. Baba bai taɓa son auren nan ba. Cewa yake shi ba ya ba da 'ya ga mutumin da sai an hau sama kafin a je a ga halin da take ciki. Inna ta yi ta lallashi, ni kuma na yi ta ramewa, har dai ya gaji ya ce to a kawo lefe.

Abu ɗaya ne babu wanda ya sani a gidanmu, Abdulganiyyu yana da kare.

Kada ku ɗauka irin na makiyayan da ke wucewa bayan gari ne, wanda ke bin shanu yana cin guminsa. Wannan wani jibgegen abu ne mai gashi ruwan zuma, kunnuwa a zube, sunansa wai Maks. Na wata tsohuwa ne maƙwabciyarsa, wadda ta riƙa ba shi abinci farkon zuwansa lokacin da bai san kowa ba, da za ta mutu ta bar masa shi. Duk sanda muke kiran bidiyo karen yana nan kan kujera, ya ɗora haɓa a cinyarsa, yana kallona kamar ni ce na shigo musu gida ba sallama. Na sha yi masa magana, sai ya ce in na zo zan saba. Na ce a raina, bari dai in je, ni na san yadda zan yi da shi.

Da lokacin tahowarsa gida ya matso, na sa ya yi mini alkawari cewa zai bar shi wurin wani abokinsa. Ya ce an gama. Amma ina lura, kullum hirarsa ba ta wuce asibitin dabbobi. Yau an yi wa Maks allura, gobe an ɗebi jininsa an kai gwaji, jibi an duba ɗan ƙarfen da aka dasa masa a wuya mai ɗauke da lambarsa. Har fasfo gare shi, da bango shuɗi, ya ɗaga mini a waya yana murmushi. Ku ji fa. Ni da nake mutum, 'yar sunna, an ce takardun tafiyata sai bayan ɗaurin aure za a fara dubawa, kuma ba wanda ya san ranar fitowarsu. Kare kuwa nasa a hannu.

Sannan ya sayo wani akwati na roba mai ƙarfi, ruwan toka, da ƙofar waya a gaba da 'yan tagogi a gefe, da wasu kwanoni biyu maƙale a jikin ƙofar. Ya turo mini hoton Maks a kwance a ciki, wai yana koya masa kwana. Na tambaye shi koyon na mene ne tunda ba tafiya zai yi ba, ya ce ai saboda gaba.

Ranar da zai taso na tashi da farin ciki, na sha lalle, na gyara ɗakin Inna ba wanda ya sa ni. Ina cikin tankaɗe saƙonsa ya shigo. Hoto ne na filin jirgi, ga akwatin nan a kan amalanke, ga hanci baƙi a jikin waya. A ƙasa ya rubuta: "Ki yi haƙuri, matar abokin nawa ta ƙi. Ki sa shi a addu'a, shi kaɗai zai zauna a ƙarƙashin jirgi."

In sa kare a addu'a. Na karanta ya fi a ƙirga ko idona ne.

Duk tafiyar nan haka ta kasance. Sun tsaya Istanbul canjin jirgi, saƙo: ya tambaya an ce an ba shi ruwa. Sun sauka Abuja, saƙo: ma'aikata sun duba takardunsa ba matsala, ya fito yana kaɗa wutsiya. Ko sau ɗaya bai ce Rauda yaya kika kwana ba. Daga Abuja kuma ya ƙi shiga jirgin Sakkwato, wai ba zai sake jefa shi a duhu ba, ya ɗauki shatar mota har Kebbe, kare a kujerar baya yana shan sanyi. Da suka isa, mutanen gidansu suka ga abin da ya fi ƙarfin bakinsu, suka ce ya kai shi can sabon ginin da yake yi a bayan gari, kada maƙwabta su gani.

Da ya zo zance na farko na ci kwalliya, leshi mai ruwan ganye da mayafi shara-shara, takalmi mai tsini da jakarsa, na yi turaren wuta har Inna ta ce zan kashe ta da tari. Mutumin da na shekara ina gani ta gilashin waya, ga shi yau a zaurenmu cikin farar shadda, ya yi haske ya yi ƙiba. Ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata ta narke. Amma ko ruwan da na kawo bai shanye ba ya fara duba agogo, wai Maks ba ya cin abinci in ba ya gani, kuma hanyar Kebbe kun san ta. Na haɗiye. Mace in tana son aure babu irin abin da ba ta haɗiyewa, sai daga baya ya taso mata.

Sai ranar kawo lefe.

Tun safe gidanmu ya cika. An shimfiɗa tabarmi da darduma a tsakar gida, an jera kujerun roba, ga cincin da dubulan da alkaki a manyan robobi, ga zabi soyayyu, ga zoɓo da kunun aya a cikin ƙanƙara. Gwaggo Atu, yayar Baba, ita ce shugabar karɓa, ta ɗaura wata atamfa da ba ta fito da ita sai za a yi abin nuna isa. Ni kuwa kamar yadda aka saba aka tura ni ƙuryar ɗakin Inna, amarya ba ta ganin lefenta a gaban dangin miji. Sai dai na yi shiri da Kamila, 'yar ƙanwar Inna, duk abin da aka buɗe ta ɗauka ta turo mini.

Bayan azahar na ji motoci, na ji guɗa. Hotuna suka fara shigowa. Saitin akwatuna ruwan goro, daga babba har ƙarami. Lesuka, shaddodi, atamfofi, takalma da jakunkuna, kayan shafa. Ina kallo ina murmushi ni kaɗai, ina cewa duk da haka yaron nan ya fitar da ni kunya. Sai guɗar ta canza, ta yi sama kamar an ga jaririn da aka daɗe ana nema. Kamila ta rubuto: "Ga babban ya shigo. Mutum biyu sunka ɗauko shi."

Hoton ya buɗe a hankali, network ɗin gidanmu kun san halinsa. Na fara ganin takarda mai ƙyalli da aka naɗe gefensa da ita, da jan ribbon an ɗaure a sama kamar kan amarya. Sannan na ga ruwan toka. Sannan ƙofar waya.

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba.

Ashe abin da ya faru shi ne, kayan sun fi ƙarfin akwatunan. Gwaggo Batula, ƙanwar mahaifinsa, ita aka ɗauko daga Jabo ta jagoranci lefen, ba ta san da labarin wani kare ba. Mahaifiyarsa kuwa, da yake shi ne ɗanta na fari, ko sunansa ba ta faɗi, balle ta leƙa kayan aurensa. Suna neman inda za su zuba ragowar kaya sai suka ga abin nan a baranda, ya wanke shi tas ya shanya. Suka tambayi yaran gida, aka ce ai da shi ya sauko daga jirgi. Shi ke nan. Me mutum zai sauko da shi daga jirgi ana saura kwanaki aurensa in ba akwatin lefe ba?

Na matsa jikin taga ina jin muryar Gwaggo Batula tana cika tsakar gida.

"Wanga ba a saida irinai Sakkwato, ko Kano ba a saidawa. Ku dubi tagogi, don tufafi su sha iska kada su yi warin ajiya. Turawa ba su yin abu banza."

Gwaggo Atu ta ce lallai, ita tun da take karɓar lefe ba ta taɓa ganin mai tagogi ba. Aka buɗe ƙofar wayar aka fara fito da kaya ana ɗagawa. Mafi tsadar lesukan a nan suka sa su. Hijabaina na salla, a nan. Dardumar salla sabuwa dal, a nan. Kwanonin nan biyu na jikin ƙofa kuwa, wanda Maks yake lasa da harshe, ɗaya sun zuba sarƙa da 'yan kunnen gwal, ɗaya kwalaben humra. Gwaggo Atu ta ɗaga kwanon gwal ɗin sama tana juyawa kowa ya gani, tana cewa ku dubi hikima, har wurin ajiye zinari an yi masa.

Kamila ta rubuto: "Yaya Rauda, ni dai kamar kejin kaji na 'yan gayu." Na rubuta mata ta rufe mini baki in tana son zaman lafiya.

Na shige banɗaki na kira Abdulganiyyu. Yana Sakkwato wurin likitan dabbobi, bai ma san an tafi da akwatin ba. Na gaya masa da murya ƙasa-ƙasa, haƙorana a haɗe. Kun san abin da ya yi? Dariya. Dariya har da tari, har ina jin yana buga sitiyari. Da ya gama dariyarsa sai ya ce in kwantar da hankalina, da sabulu mai kashe ƙwayoyin cuta ya wanke shi, ya fi akwatunan kasuwa tsabta. Na ce masa hijabin da zan tsaya gaban Ubangiji da shi ne a ɗakin karensa. Ya ce to a wanke. Sannan ya ƙara da cewa, amma fa sai an dawo masa da shi.

Ku da kuke wasu garuruwa, ban san yadda kuke yi ba. A wurinmu akwatin lefe in ya shiga gida ba ya fita sai ranar da amarya za ta fita. In aka ga an fito da shi kafin nan, ma'anarsa ɗaya ce, an fasa. Ba sai an yi shela ba, mai kayan miya na bakin titi ma ya san fassarar. Abdulganiyyu a nan aka haife shi, ya san wannan sarai, amma zaman Turai ya sa yana ganin komai ana iya yi masa bayani.

Da a ce ma abin ya tsaya a ɓoye, da sauƙi. Amma kallon lefe aka shiga. Mata ƙungiya-ƙungiya, daga unguwarmu, daga Sanyinna, har da waɗanda rabonsu da gaida Inna tun sunan autarmu. Ba lesuka suke zuwa gani ba, akwati mai tagogi suke zuwa gani. Ana tsugunawa a gefensa ana ɗaukar hoto. Wata ta ce ita ma sai ɗanta na Legas ya nemo wa amaryarsa irinsa. Gwaggo Atu ta kwaso shimfiɗarta ta dawo ɗakin da aka ajiye lefen, wai gadin gwal, ta jingina filonta da shi. Ta tsinci wani dogon gashi ruwan zuma a jikin shadda, ta duba a haske ta ce na bargon Turawa ne da aka lulluɓe shi da shi a jirgi. Ina tsaye a wurin. Na ce e, Gwaggo, haka ne.

Saƙonninsa kuwa ba su tsaya ba. Maks ya daina cin abinci. Maks ba ya barci, haki kawai yake, zafi ya yi masa yawa. Maks ya yi amai. Ko ɗaya ban amsa ba. Sai ya turo dogo: likita ya ce in ba a mayar da shi inda ya saba ba zai iya mutuwa, don haka ya canza tikiti, zai kai shi Jamus ya ajiye a gidan da ake kula da dabbobi, ya juyo kafin ɗaurin aure. Jirgi ba ya ɗaukar kare sai a irin wannan akwatin, ya nema a Sakkwato babu, wanda ya samu a Abuja ya yi kaɗan. "Ki fito mini da shi ta ƙofar baya, ba wanda zai sani."

Na rubuta: "Gidanmu ba shi da ƙofar baya. Kuma Gwaggo Atu a jikinsa take kwana."

Ya rubuto: "Rauda, rai ne fa."

Na rubuta: "Ni kuma itace ce."

Na kashe wayar. Na yi zaton zai yi tunani. Ango da ake ɗinkin kayansa, abokai suna ta anko, shi yana shirin hawa jirgi ya raka kare. In jirgin ya yi latti fa? In aka hana shi fitowa a wurin aiki? A ɗaura aure ango yana can yana shafa kan Maks, ni kuma ina nan ina amsa tambayar mata.

Yau da la'asar ina tsakar gida ina tsince shinkafa, sai na ji tsayuwar mota. Baba yana ƙofar gida a kan dardumarsa da abokan hirarsa, kamar kullum in ya taso kasuwa. Na ji sallama, na gane muryar Abdulganiyyu ce. Ban gama ajiye faranti ba na ji wani haushi mai kauri, irin wanda ba a taɓa ji a layinmu ba. Kamila ta leƙa ta dawo ido waje ta ce wani abu ne kamar ɗan maraƙi ya fito da kai ta tagar motar Yaya Abdul, harshe a waje.

Ya zo da shi. Har ƙofar gidan ubana.

Abin da aka yi a waje daga baya na ji. Baba ya tambaye shi karen na wane ne, shi kuma, in ba shi haƙƙinsa, ba ya ƙarya, ya durƙusa ya zayyana komai, tun daga tsohuwar Jamus har zuwa kuskuren Gwaggo Batula. Abokan Baba suka fara neman takalmansu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da uzuri. Kun san inda uzurin zai kai su.

Aka aiko in zo zaure. Na zura hijabi na fita. Baba yana zaune, Abdulganiyyu a durƙushe a gefe, ya rame, idonsa ja kamar wanda yake jinyar uwa. Baba bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa, abin da ya sa ake tsoronsa ke nan.

"Rauda, kin san ko mi na akwatin ga tun randa anka kawo shi?"

Na ce na sani.

Ya gyaɗa kai ya ce to. Kafin ya ƙara wata magana sai ga Gwaggo Atu, ashe tana bayan ƙyaure. Ba zan iya maimaita muku duk abin da ta faɗa ba. Ta ce ita da ta je Makka aka sa ta tada kai da makwancin kare. Ta ce ta ɗaga kwanon karen sama a gaban matan Tambuwal tana yabo. Ta ce yanzu hotonta yana wayoyin mutane tana dafe da shi tana murmushi. Ta nemi a kawo mata ruwa da ƙasa ta wanke hannu, ta ce Batula kuma ta jira ta, ko a Jabo take sai ta same ta.

Baba ya bari ta gaji. Sannan ya ce shi ba najasa ce ta dame shi ba, ya zauna gaban malamai ya ji abin da mazhabarmu ta ce game da kare, tufafi kuma ruwa yana wanke su. Ya ce makiyaya suna da karnuka, mafarauta suna da su, bai taɓa ƙin cinikin hatsi da su ba. Abin da yake so ya sani shi ne, mutumin da ya zo neman aure, aka sa masa rana, me zai sa ya kama hanyar barin ƙasa.

Abdulganiyyu ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, amana ce. Matar nan ta riƙe ni lokacin da ba ni da kowa. In na bar shi nan mutuwa zai yi."

Baba ya nuna ni da carbinsa. "Wagga ma amana nika shirin ba ka."

Har zauren ana jin hakin karen daga mota.

Baba ya ce shi ba zai hana mutum kayansa ba. Amma akwati ɗaya ba ya fita gidansa shi kaɗai ya bar mutane suna lissafi. Ko su zauna duka har ranar da aka sa, ko su fita duka yau. Ya ce zaɓi yana hannun wanda ya kawo su.

Na ɗago na dube shi. Wallahi kalma ɗaya nake jira. Ya ce Baba a bar su, zan san yadda zan yi. Ya nemi wani ya kai karen, ya sa kafinta ya ƙera masa wani, ya kwana a hanyar Legas, duk abin da zai yi ya yi, amma ya faɗi kalmar nan a gaban ubana. Na ga bakinsa yana motsi. Ya dube ni, ya dubi ƙofa wajen motar, ya sake dubana.

Ya ce, "Baba, ba za a iya ara mini shi ba? In na dawo in maido."

Aro. Lefena ake nema aro.

Ban san sanda dariya ta kufce mini ba, irin wadda ba ta da daɗi. Baba ya juya wajen ƙofar ciki ya ce a fito da kaya. Kamila da sauran 'yan uwa suka jawo akwatin mai tagogi har zaure. Gwaggo Atu ta ƙi taɓawa, da sanda take nuni. Aka yage takarda mai ƙyallin, sai ga hoton kare manne a gefe da rubutun Turanci, wanda masu naɗewar suka ɗauka tambarin kamfani ne suka rufe tun ranar farko. Aka zazzage lesukan da hijaban a kan tabarma, aka juye gwal ɗin a tafin hannun Inna, wadda ke tsaye bakin ƙofar ciki hawaye na zuba. Sannan aka fito da saitin ruwan goro, aka cusa ragowar kayan a ciki, aka jera su a ƙofar gida daga babba har ƙarami, a bakin titi, inda duk mai wucewa zai gani.

Ya ɗauki nasa shi kaɗai, ya kai mota. Karen yana ganinsa ya fara kuka yana kaɗa wutsiya kamar ya ga ɗan uwansa. Ya sa akwatin a but ɗin motar ya rufe, ya dawo ya durƙusa gaban Baba ya ce sauran na Rauda ne, shi bai zo ɗaukar su ba, bai fasa ba kuma ba zai fasa ba, zai dawo kafin ranar. Baba ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ya juyo gare ni ya kira sunana a hankali. Na kalli bango.

Motar ta tashi. Masu babur har sun fara rage gudu suna kallon akwatunan. Matar maƙwabcinmu ta fito zubar da ruwan da ba ta da shi.

Baba ya naɗe dardumarsa ya ce shi ya gama nasa. Ya fitar da su kamar yadda ya faɗa, mai su ya ƙi ɗauka. Ko su koma ciki ko su kwana nan, wannan kuma maganar wadda aka kawo dominta ce, kada kowa ya sa mata baki. Ya wuce masallaci.

Ina tsaye a zaure sai iska ta juya, gabas ta yi baƙi, hadari ya haɗo kamar jira yake. Kamila ta fara kallona tana kallon sama. Inna ta matso kusa da ni, ta riƙe mini hannu.

"Ɗiyata, a shigo da su ko a bari?"

Wayata tana ta ruri a cikin hijabi, na san ko wane ne. Ɗigon farko ya faɗo a kan babban akwatin, ya yi tabo baƙi a ruwan goron.

Na ce, "A bari."

Inna ta ce lesukan fa.

Na ce su jiƙe.